Yadda Ake Binciken Rawa, Daga Dandali Zuwa Kundi

Wanda ya saba duba kundayen da ɗalibai ke rubutawa kan raye-rayen gargajiya ya san tsarinsu tun kafin ya buɗe. Babi na ɗaya tarihin gari, na biyu asalin rawar, na uku kayan kiɗa da suturar 'yan rawa, na huɗu muhimmancinta ga al'umma. Sai ka kai shafin ƙarshe ba ka san da wace ƙafa ake fara takawa ba, ba ka san ko a da'ira ake yi ko a jere ba, balle abin da ke sa 'yan kallo su ɗauki shewa. An rubuta komai ban da rawar.

Ba lalaci ke jawo haka ba. An horar da mu ne a kan nazarin magana, wato waƙa da tatsuniya da kirari, abubuwan da ake iya kwafewa a takarda. Motsin jiki kuwa yana wucewa nan take, kuma ba kowa aka nuna wa yadda ake riƙe shi ba. Matakan nan na wanda ke son ya riƙe shi ne, ko ɗalibin jami'a, ko ma'aikacin hukumar al'adu, ko mai sha'awa da wayarsa kaɗai. Yawancinsu za su yi aiki a kan dambe da tashe da wasan kwaikwayo, har ma da sana'o'in hannu irin su saƙa da ƙira.

Mataki na farko: rage girman tambayar

"Raye-rayen gargajiya a ƙasar Hausa" ba batun kundi ɗaya ba ne. Zaɓi rawa ɗaya, wuri ɗaya, da abu ɗaya da ya tsaya maka a rai game da ita. Yaya 'yan matan unguwa kaza ke koyon gaɗa yanzu da dandali ya yi wuya? Me ya bambanta rawar Koroso ta wurin biki da Koroso ta gasar jihohi? A kiɗan kalangu, wa ke jan wani, makaɗi ko mai rawa? Kowace daga cikin tambayoyin nan tana gaya maka inda za ka je, wanda za ka gani da abin da za ka ɗauka. In taka ba ta kai ka ƙofar gidan wani ba, da sauranta.

Ka guji tambayar da ta riga ta goyo amsarta, irin "yadda zamani ya lalata rawar gargajiya". Duk dattijon da ka tara da ita zai tabbatar maka cewa ta zamaninsu ta fi, ka dawo da abin da ka fita da shi.

Mataki na biyu: nemi abin da aka riga aka tara

A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, da sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero. A Zariya akwai sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello. Kaduna na da Gidan Arewa da Taskar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, Sakkwato na da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A Yamai kuwa akwai cibiyar bincike kan al'umma ta IRSH, da cibiyar CELHTO, wadda aikinta ke nan tattara tarihin baka. Kada ka manta da gidajen rediyo da talabijin, domin a tsofaffin faya-fayan bidiyonsu za ka iya ganin jikin mai rawa na shekaru arba'in da suka wuce yana motsi.

Cikin littattafai, ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, bayan aikin da suka yi a Zariya da Katsina, zai ba ka sunayen ganguna da lokutan kiɗa da muƙaman makaɗa kafin ka fita. Rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙa za su shimfiɗa maka ɓangaren waƙa. Na Turawan mulkin mallaka ma a karanta, amma da lura: yawanci ta bakin tafinta suka ji, kuma abin da ya ba su mamaki suka fi rubutawa. Duk abin da ka karanta, rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi a lokacin, ba bayan wata shida ba.

Mataki na uku: kalanda, izini da kuɗi

Rawa tana da lokacinta, kuma ba ta san da jadawalin jami'a ba. Tashe sai Ramadan ya kwana goma. Kalankuwa sai kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Hawan Sallah sau biyu ne a shekara, Sallar Gani ta Daura a watan Rabi'ul Awwal take, taron makiyaya na Ingal a Nijar kuma wajen watan Satumba, ƙarshen damina. Wanda aka ba wa wata huɗu ya gama kundi, ya zaɓi kalankuwa a watan Maris, ya riga ya sa kansa cikin wahala.

Da ɗan gari akan ci gari. Ka karɓi takardar gabatarwa daga makarantarka, ka fara ta wurin mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ka da sarkin makaɗa ko sarkin samari ko shugabar mata. Ka tafi da goro. Ka faɗi aikinka a fili: "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, karatu nake yi a kan wasan nan, ina neman izinin in kalla, in yi tambayoyi, in an yarda kuma in ɗauki hoto." Ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin ka shiga ƙauye, musamman a yankunan da ke fama da 'yan bindiga. Makaɗa da yawa daga irin wuraren nan sun dawo cikin birane, a can za ka same su.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko. Kiɗa sana'a ce, mutumin da ya ba ka yininsa ya bar neman abincinsa. Ku daidaita kan tukuici, kuma in ana liƙi a fili kai ma ka yi daidai ƙarfinka. Sai dai ka rubuta a littafinka wane wasa ne aka yi domin kai ka biya, wane ne kuma ka tarar ana yi domin biki ko suna. Ba abu ɗaya ba ne, kuma mai karatu na da haƙƙin ya sani.

Izinin dagaci bai ɗauke maka izinin mai rawa ba. Kowa ka tambaye shi da bakinsa, ka naɗi amsar a farkon faifai: a ambaci sunansa ko a sakaya, a nuna hoton a aji kawai ko a sa a intanet. Namiji ba zai shiga cikin gida wurin kiɗan ƙwarya ko shantu ba, sai ya nemi mace ta yi masa wannan ɓangaren, kuma hoton matan aure ba na yawo a waya ba ne. Yara sai da yardar iyaye. Masu bori kuwa, tun da jihohi da dama suka ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000, yawancinsu ba sa son a san su a fili. Sakaya sunansu da unguwarsu wajibi ne ko da su ba su roƙa ba.

Mataki na huɗu: kallo da koyo, kafin kyamara

Zuwan farko ka bar wayar a aljihu. Ka isa tun ana share fili, ka zauna har a watse. Da biro da ƙaramin littafi ka zana wurin: ina makaɗa suka tsaya, ina mata, ina maza, ina manya suka zauna, ta ina mai rawa ke shigowa, wa ke korar yara da tsumagiya. Wa ya fara shiga fage, wa ya jira sai da wuri ya yi zafi? Wa aka yi wa liƙi, wa ya yi masa, a daidai wane motsi? Daren nan ka mayar da guntayen rubutunka cikakken bayani, domin zuwa jibi rabi ya zube. Ka raba shafi biyu, hagu abin da idonka ya gani, dama abin da kake zato.

Daga nan sai abin da ɗalibai suka fi gudu: ka roƙi a koya maka. Ba don ka zama gwani ba. Lokacin da kake tuntuɓe ne za ka ji gyaran da ba a taɓa faɗi a hira. "Saki kafaɗa." "Kada ka ɗaga diddige." "Ka riga ganga." "Sunkuya, ba soja ba ne kai." Kowane gyara doka ce ta rawar, wadda masu ita ba su san suna da ita ba sai da suka ga an karya. Za a yi maka dariya, kuma dariyar tana buɗe baki fiye da takardar gabatarwa. In addini ko matsayi ya hana ka taka rawa, zauna wurin da ake koya wa yara, ka rubuta gyaran da ake yi musu.

Mataki na biyar: ɗauka

Mai ɗaukar hoton biki fuska yake bi, kai jiki kake nema. Riƙe wayar a kwance, ka kafa ta a kan ƙafar kyamara ko wani abu da ba ya motsi, ka ja baya har mai rawa ya fito tun daga kai zuwa tafin ƙafa, da ɗan fili a gabansa da bayansa. Hoton da ya yanke ƙafafu kamar a nuna maka kan doki ne a ce ka faɗi irin tafiyarsa. In da hali makaɗi ma ya fito a gefe, domin hannunsa da ƙafar mai rawa tare za ka nazarce su. Kada ka riƙa zuƙowa da mayarwa, kada ka tsayar da ɗauka don ka ga kamar ba a komai. Sau da yawa a wannan tsakanin ne ake sauya take ko a yi wa wani kirari.

In wayarka tana ɗaukar hoto 50 ko 60 a sakan ɗaya, sa ta a haka, don in ka rage gudun faifan daga baya taku ya fito sarai. In kun kai ku biyu, waya ta biyu ta bi ƙafa ko hannun makaɗi kurkusa. Sauti a ɗauke shi daban da rikoda ko wata wayar, taku uku ko huɗu daga ganguna, nesa da janareto. In ka manna ta jikin kalangu, ƙara kawai za ka samu, muryar mawaƙi ta nutse. Da zarar duka na'urorin sun fara aiki, tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gabansu. Da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto a kwamfuta. Sannan ka faɗi kwanan wata da gari da sunan wasa da bakinka.

Guzurin caji da wurin ajiya ya fi abin da kake zato, lokacin hunturu kuma ka tanadi ƙyalle saboda ƙura. A daren ka kwafe komai wuri biyu, ka ba kowane faifai suna mai kwanan wata da gari da lamba. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin ajiya, yana rage ingancin hoton.

Mataki na shida: hira

"Mece ce ma'anar wannan rawa?" tambaya ce da ke kashe hira. Amsarta ɗaya ce ko'ina: "Al'ada ce, haka muka gada." Tambayi abin da mutum zai iya ba da labarinsa. Baba, wa ya koya maka, kana da shekara nawa? Wa ya fi kowa iyawa da kuka sani, me yake yi da sauran ba sa yi? Me mutum zai yi ku ce ya ɓata? Inna, wace rawa ce budurwa ke yi amma matar aure ba ta yi? Yaya kuke kiran wannan takun? Sunayen da suke ba motsi, da kalmomin da suke yabo da kushe da su, ka rubuta su yadda aka faɗa, da karin harshen wurin. Su ne kayan aikinka na nazari.

Hanya mafi albarka ita ce ka koma da faifan. Ka zauna da mai rawa a zaure, ka kunna masa, ka ce ya tsayar da kai duk inda ya ga abin magana, rikodarka kuma tana aiki. Nan za ka ji "a nan ya gaji, dubi ƙafar hagu," ko "wannan ba tamu ba ce, a fim ya gani," ko "ka ji? takena ya kaɗa, shi ya sa na juyo." Ka yi haka da makaɗi shi kaɗai, sannan da wata tsohuwa cikin 'yan kallo. Inda bakinsu ya saɓa, nan ne abin rubutu yake. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ka tambayi mai kalangu ina idonsa yake lokacin da gwani ke fage. Da yawa za su ce maka ƙafarsa suke bi. Mai bincike ba ya karɓar karin magana a matsayin hujja sai ya gwada ta a faifai.

Labarin asali kuwa za ka ji shi iri uku ko huɗu. Kada ka zaɓi wanda ya fi daɗi ka binne sauran. Kawo su duka, ka faɗi wa ya ba da wanne. Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, don haka ka auna da abin da kowa ya sani: kafin rasuwar Sardauna a 1966 ko bayanta, lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, shekarar canjin hannun tuƙi ta 1972, shigowar naira a 1973, bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. A Nijar ka tambaya ko zamanin Shugaba Diori ne ko na Shugaba Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987. Zamanin sarkin garin ma ma'auni ne mai kyau.

Mataki na bakwai: mayar da motsi rubutu

Nan aikin yake, kuma nan ake gudu. Akwai tsarin rubuta rawa da masanin rawa Rudolf Laban ya fitar a 1928, mai alamomi da ake karantawa daga ƙasa zuwa sama, layin tsakiya ya raba dama da hagu na jiki. A Jami'ar Gana da ke Legon an daɗe ana koyar da shi. In ka sami mai koya maka, madalla. Amma koyonsa na cin lokaci, masu karanta shi kaɗan ne, kuma jadawali mai tsabta zai ishe ka a kundin digiri na farko ko na biyu.

Zaɓi minti biyu ko uku da suka shafi tambayarka, ba dukan dare ba. Buɗe faifan a manhajar kallon bidiyo ta VLC ka rage gudunsa zuwa rabi. Ja layuka: lokaci, ƙafa, ƙugu da kafaɗa da kai, hannu, kiɗa ko tafi, waƙa, 'yan kallo. Ka kalli yankin sau ɗaya domin ƙafa kawai, ka sake domin hannu, ka sake domin ganga. Misalin yadda layi ɗaya na gaɗa zai kasance: "Minti 3, sakan 12. Ta fito daga jere, taku huɗu gaba, dama ta fara. Ta juya wa ƙawaye baya. A kan tafin ƙarshe na amshi ta saki jiki ta faɗa baya, uku suka tare ta suka cilla ta gaba. Ta dira da ƙafa biyu daidai lokacin da mai bayarwa ta ɗauko sabon ɗangon waƙa." Wanda bai taɓa ganin gaɗa ba zai iya hango wannan, kuma kai kanka ka gano cewa faɗuwar ba a ko'ina ake yinta ba, waƙar ce ke ba ta wuri.

Saurin kiɗa ma ana auna shi: ƙirga bugu cikin sakan 15, ka ninka sau huɗu, ka yi haka a farko da tsakiya da ƙarshe. "Kiɗa ya yi zafi" ta zama lamba ke nan. Mai son ya zurfafa ya sauke ELAN, manhaja ce ta kyauta daga cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, wadda ke ba ka damar jera bayani layi-layi a ƙarƙashin bidiyo. Ka guji kalmomin ado irin "cikin gwaninta" da "mai ban sha'awa". In gwaninta ce, faɗi wanda ya kira ta haka da abin da ya gani.

Mataki na takwas: kwatanta, sannan ka fassara

Rawa ɗaya a wuri biyu ta fi rawa goma a wuri ɗaya koyarwa. Da zarar an ɗauko rawa daga dandali an hau da ita dandamali, kamar yadda ƙungiyoyin hukumomin al'adu na jihohi ke yi a gasar ƙasa, ko yadda ƙungiyar matasa ta Samariya ta riƙa yi a Nijar zamanin Kountché, abubuwa sukan sauya. Da'ira takan buɗe ta fuskanci manyan baƙi, a ɗinka anko, a ƙayyade mintoci, a ƙara tsalle da juyi masu jan tafi, a rage jiran da ake yi kafin wuri ya ɗau zafi. Ni ban ga dalilin kiran wannan jabu ba. Wata rawa ce da nata masu ita da nata dokoki, haka ma ta finafinan Kannywood da ta TikTok. Jera jadawalin biyu gefe da gefe ka nuna abin da aka riƙe da abin da aka zubar. Yanzu da UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, da hawan Sallar Kano a 2024, tambayar wa ke yanke yadda za a nuna al'ada ga baƙi ta ƙara nauyi.

Ra'in da malaminka ya ce ka ɗora aikin a kai, wato ƙa'idar nazari, sai a nan zai shigo. Ka ɗauki wanda ya taimaka wajen bayyana abin da ke cikin jadawalinka. Wanda ya tilasta ka yar da rabin abin da ka gani, ajiye shi.

Mataki na tara: rubutu da mayar da kaya

Babin da ke bayanin rawar kanta ya zama shi ne mafi tsawo, tarihin gari ya tsaya a shafi biyu ko uku. Duk da'awar da ka yi ka jingina ta da lambar faifai da minti, ko da hira da ranar da aka yi ta. Ka bambanta muryoyi uku a rubutunka: abin da ka gani, abin da aka gaya maka, da abin da kai ka fahimta.

Kafin ka kai wa mai ɗaurin littafi, koma ka karanta wa mutum biyu ko uku cikin masu rawar babin bayanin rawar da Hausa, su gyara sunaye da jerin taku. Ka ba ƙungiyar kwafin faya-fayan a filasha ko katin waya, ban da waɗanda masu su suka ce a ɓoye. Kwafi ɗaya kuma ka kai ɗakin karatu na sashenku ko hukumar al'adu ta jiha, tare da takarda mai nuna ranar ɗauka, gari, sunan wasa, waɗanda suka yarda a ambace su, da sharaɗin da kowa ya gindaya kan nuna hotonsa.